Motar da Kawu Bai Sa wa Sitiyari Ba

Da za a tara mutanen tashar Gusau kaf, direbobi da makanikai da 'yan kamasho har da masu tallar ruwa, a ce a fitar da mutum ɗaya wanda ya san mota, ni za a fitar, sauran su koma bakin aikinsu. Ina zaune a benci ido rufe mota za ta wuce, in faɗa maka cutar da ke damunta da wadda za ta kama ta baɗi. Akwai ranar da na saurari tarin wata bas na ce direbanta bai yi sallar asuba ba, aka bincika aka tarar haka ne. Wannan baiwa kuwa gadonta na yi daga Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon direban motar katako da ke Nahuce, wanda Allah ya karɓi abinsa a ƙarshen damanar nan, gero na tsaye a gona. Na Allah ne mu, kuma can muka nufa gaba ɗaya. Saboda shi na ɗauki alƙalami, don kada a wayi gari yaran gidanmu su san sunansa kawai. Ni na shigo labarin ne irin shigar ɗan kamasho, wanda ke hawa kowace mota ya cika ta da surutu, ya dire kafin ta tashi.

An yi zaman makoki a ƙofar gidansa, ƙarƙashin darbejiyar da ya shuka da hannunsa. Tabarmi suka ƙare, aka aro na masallaci, su ma suka ƙare. Tsofaffin direbobi suka zo daga Bungudu da Gusau, kowa da sandarsa, kowa da ciwon bayan da mota ta bar masa. Ɗaya daga cikinsu ya shafa fatiha ya daɗe bai sauke hannu ba, sannan ya ce, "Birkin mutumin nan, ko ƙwai ka aza bisa bodi ba shi fashewa." Wani manomi daga Karakkai ya ce shi bai san marigayin da magana ba, abin da ya sani shi ne tun yana saurayi bai taɓa tafiya da kaya a ka motar Kawu ta wuce shi ba. Wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida a gaya wa maza cewa ɗanta na fari a gidan gaban motar nan ta haife shi, a hanyar asibiti, Kawu ya fita ya tsaya nesa ya ba motar baya har mata suka gama.

Mahaifiyata ba ta yi kuka ba da aka fita da shi. Sai da ta shiga zaure ta ga tabaransa a kan tabarma, kusa da magagari da 'yar filaya, a jere yadda ya ajiye su, sannan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Abin da na lura da shi kuma, duk wanda ya gama gaisuwa sai ya rage murya ya matso kusa da ni ya ce, "Ina motar?" Ba babbar suke nufi ba, wannan ta daɗe da zama tukwane da murhu. Ƙaramar suke nufi, wadda ba ta wuce tsawon kamu ɗaya ba, wadda Kawu ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana haɗawa a zaure. Garin ya rabu biyu a kanta tun yana raye. Wasu suka ce tsufa ya mayar da shi yaro. Wasu suka ce hikima ce Allah ya ba shi a makare. Wani maƙwabci ma ya taɓa tambayarsa ko abin bai yi kama da gunki ba, Kawu ya ce, "Malam, duba da kyau. Ba ta da ido sai fitila." Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ce ta sa aka ja ƙofar zauren aka ɗaure da igiya, don jikoki sun fara leƙe tun kafin a dawo daga maƙabarta.

Mutum ɗaya ne bai zo ba, shi ne Baffa, yayan mahaifina, da ke Tsafe. Yana da uzuri, idonsa ya tafi, ƙafa ta yi nauyi, hanyar kuma ba kamar da ba. Ya aiko ɗansa da saƙo, saƙon kuma bai fi a riƙe a tafin hannu ba: Allah ya jiƙan shi. Mahaifiyata ta jira ko akwai saura. Da ta ga babu, sai ta ce, "Har yanzu ke nan."

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane wannan magana.

Kawu ya yi tuƙi tun zamanin da gyaɗa da auduga ke da daraja. Daga Nahuce da Bungudu ya kwaso, ya sauke a Gusau, ya ɗauki hatsi ya nufi Tsafe har gaba. Motarsa mai dogon hanci ce, bodin katako, an rubuta mata Sai Mun Dawo a goshi, da sunan kuma aka san ta. Gudu ba ya cikin tsarinta. Na rantse akwai jakin da ya taɓa wuce ta a hawan Kwatarkwashi, ya waiwayo ya dube ta da tausayi. In an yi wa Kawu tsiya sai ya ce, "Mai sauri shina riga mu zuwa, mu muna riga shi dawowa." Ba ya cin abinci a hanya sai ya zuba wa lagireto ruwa, wai mota ke fara sha kafin direba. Ba ya zagin yaran mota, ba ya kuma yabonsu. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ya yi shiru mai tsawo, kai za ka auna bambancin.

Ni ma ya gwada koya mini tuƙi ina saurayi, a motar wani abokinsa. Zan iya cewa na yi ƙoƙari, domin ban taɓa ganin wanda ya shiga gonar gero da kyau kamar yadda na shige ta ba. Muka fito muna cire ganye daga hula. Kawu ya ba mai gona haƙuri, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai bakinka ne ke da lasin." Washegari ya kama hannuna ya kai ni tasha ya damƙa ni ga manya, ya ce ga yaro nan, ba shi iya tuƙa mota amma shina iya cika ta. Da wannan baki na yi aure, da shi na gina gida. Bai taɓa ba kowa labarin gonar geron ba, har mahaifiyata. Ni ne na riƙa bayarwa, kuma a bakina gonar ta girma har ta kusa kai Sakkwato.

Shi kuwa Baffa, shi ne yaron motar Kawu. An ce yaro, amma tsakaninsu bai fi shekara biyu ba. Shi ke murɗa ƙarfen tayar da inji, shi ke dirowa da gudu ya sa weji a bayan taya in mota ta fara tunanin komawa inda ta fito, shi ke ɗaure tamfol. Sun ci daga kwano ɗaya, sun kwana a ƙarƙashin bodi ɗaya. A wannan zirga-zirga ne Baffa ya ga ƙanwar direbansa ya yi wa ƙanensa kamu, aka yi aure, aka haife ni. Ke nan da motar nan ta lalace a hanya a ranar da ba ta dace ba, da tashar Gusau ba ta san ni ba.

Da mota ta tsufa ta ƙi tashi, Kawu, wanda a lokacin ta zama tasa, ya sa aka ja ta aka ajiye a gefen gidan Baffa a Tsafe, don can ne akwai fili. Kaji suka mayar da ita gidan haihuwa. Baffa kuwa ya mayar da inuwarta majalisa. Kullum da la'asar zai shimfiɗa buzu ya jingina da tayar gaba, ya goge fitilun da hannun rigarsa. Wata shekara ruwa ya rushe wa Kawu ɗakuna biyu, yana neman kwanon rufi, sai 'yan gwangwan suka yi masa tayi. Ya sallama. Ranar da suka zo Baffa ya tafi ɗaurin aure ƙauye. Kafin ya dawo sun yanka ta da wuta sun lode sun tafi, ba su bar masa komai ba sai baƙin mai a ƙasa da kaji suna yawo suna neman gida.

Baffa ya hau mota har Nahuce. Ina wurin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Motarka ce, ban ce tawa ba. Amma ko akuya za a fitar daga gida, ana barin wanda yay yi kiwonta ya shafa bayanta."

Kawu ya ce, "Ƙarfe ne fa."

Baffa ya ce, "To, ƙarfe ne." Ya sa takalmansa.

Ba su yi gaba ba, kada a ɗauki alhakinsu. Dukansu sun san hukuncin wanda ya ƙaurace wa ɗan'uwansa. In sun haɗu a suna ko jana'iza za su yi musabaha, a tambayi gida, a tambayi ruwa, a ce madalla. Iyakarta ke nan. Mutanen da a da in sun fara tsiya sai an riƙe ciki, suka koma gaisawa kamar surukai. Mahaifiyata, da ke tsakiya, ta sha roƙon yayanta ya je ya ba da haƙuri. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Direba ba shi ba yaron mota haƙuri, sai dai ya rage gudu."

Ba a daɗe da jin cewa idon Baffa ya rufe gaba ɗaya ba, Kawu ya kira ni ya ce in riƙa duba masa wajen 'yan gwanjo a kasuwar Gusau, inda ake zube kayan wasan yara, in tsinto masa karyayyun motoci. Masu lafiya ba ya so. Haka na zama abin kallo, ƙato da furfura a gemu, tsugune a gaban tari ina jujjuya motar roba mai taya uku. Masu kayan suka sa mini suna Baban Jarirai. Duk ranar kasuwa in kai masa buhu guda, ya zazzage a tabarma, ya ɗauki abu ɗaya ko biyu, ya ce sauran a raba wa yaran unguwa.

Kafin ya yanka ko sili ɗaya, sai da ya fita ƙofar gida da sanda ya zana babbar motar a ƙasa, daga hanci zuwa wutsiya, da ka. Ya bi zanen yana aza ƙafa gaban ƙafa. Duk tafin ƙafa ɗaya na babbar, faɗin yatsa ɗaya a ƙarama, wannan ne ma'auninsa, bai kuma saɓa masa ba. Na kawo masa tayoyi masu kyan gaske ya aza yatsa ya ce sun yi ƙiba. Na kawo wasu ya ce waɗannan na motar 'yan gayu ne.

A ƙarshe tayoyin gaba daga wata tifa suka fito, na baya daga motar sojan roba. Ya zauna da reza ya yanka musu zane ɗaya bayan ɗaya, ya bar ɗaya ta baya sumul, wai haka take. Hancin na wata motar kashe gobara ne, ya gasa shi a kan garwashi ya lanƙwasa har ya yi tsawon da yake so. Fitilun ba uwa ɗaya ta haife su ba, ɗaya ta fi ɗaya girma. Bodin ya fere shi daga katakon akwatin shayi, tsanin baya da wayar keke, sifirin da langa-langa, tamfol daga tsohuwar lemar Inna, wadda ta ce ba ta gama tsufa ba lokacin da aka yanka ta. Na ce masa, "Kawu, wannan mota ai ba ta da dangi." Ya ce, "Ita babbar dangi gare ta? Injinta na wata ne, aksul na wata, ƙofar hagu a bakin hanya munka tsince ta. Abin da ya shiga ya zauna, shi ne ɗan gida."

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ɓarnar da yake yi da gangan. Zai gama gyara wuri ya yi santsi, sai ya ɗauki ƙusa mai zafi ya lotsa shi. Ya karya mataki ɗaya a tsani ya bar shi a karye. Fenti kuwa ko oho. Na sayo masa kore da ja, ya ajiye gwangwanayen a lungu har suka daskare. Rannan na shiga na tarar da shi ido rufe, yana bin motar da yatsu a hankali tun daga hanci. Na ce, "Kawu, sai yaushe za a yi mata fenti ta fito?" Bai buɗe ido ba ya ce, "Fenti na masu ido ne."

Na fita na gaya wa babbar 'yarsa, taubashiyata, wadda tun muna yara ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba tare da ta taka ta ba. Ta ce, "Sai yau ka gane? Kaji ma sun riga ka." Motar ta Baffa ce. Haƙurin da baki ya ƙi furtawa ne Kawu ke feƙewa da magagari.

Bai gama ba. Bayan an share makoki Inna ta kira ni bakin ƙofar ɗakinta, tana cikin takaba, ta miƙo mini gwangwanin madara. A ciki akwai sitiyari, zoben makulli ne ya naɗe da baƙin zare, ya yi masa sanda da ƙusa. Ta ce ya gama shi hannunsa ya fara rawa, ya ƙi kafawa wai kada ya karkace. Ta ce, "Maganarshi ta ƙarshe a kanta, cewa yay yi a kai mashi. An ce shi ma Baffan naku jikin ya matsa. Kada ku yi sanya."

Na ce, "Inna, kin kawo kuka gidan mutuwa, wato kin kawo aiki inda ya dace. Kafin shayi ya huce an gama."

Ta ce, "Allah ya sa," da irin muryar da ake yi wa mai ciwon ajali fatan sauƙi.

Na kwance igiyar zaure na zauna a tabarmar Kawu, na sa tabaransa don aikin ya ji tsoro. Na buɗe ƙofar gidan gaba da farce na leƙa. Nan na ga abin da ya sosa mini rai. Kawu ya huda ramin sitiyari a hannun dama. Bencin zama ma ya manne shi ta dama, bai kai ƙofar hagu ba, a gurbin da ya rage kuma ya kafa wani ɗan akwatin katako kamar ƙwayar dabino. Na girgiza kai. Tun da na buɗe ido a tasha, motoci sun fi gashin kaina wucewa ta gabana, kowacce direbanta a hagu yake. Na ce Allah sarki, ciwo ya taɓa tsohon nan fiye da yadda muka zata. Na ƙudura in rufa masa asiri.

Taubashiyata ta shigo da ruwa ta same ni ina ɓamɓare akwatin da wuƙa. Ta ce, "Kai, Baban Jarirai, mi kake yi?"

Na ce, "Gyara. Ke dai je ki ji da tukunya."

Ta ce, "Baba bai taɓa huda rami a banza ba."

Na ce, "Ni da ke wa ke kwana da mota ya tashi da mota?"

Ta ce, "Ni dai na san wanda ke kwana da surutu." Ta ajiye ruwan ta fita.

Na toshe ramin dama da gam. Na gasa ƙusa na huda sabo a hagu. Na tura bencin, ya ƙi, na ƙara masa gam, ya yarda. Na kafa sitiyari, ya kwanta, na ƙara gam, ya miƙe. Gam ɗin nan ya bi yatsuna, ya bi ƙofa, ya bi gilashi, har hulata sai da ta samu rabonta. Ɗan akwatin kuwa na jefa shi a bodi, na ce mota ba ta tafiya ba kaya. Na naɗe ta a zane tun kafin wani ya gani ya yi mini hassada.

Da hantsi muka kama hanyar Tsafe ni da taubashiyata, lokacin da motoci suka yi yawa a titi, don yanzu ba mai son ya zama shi kaɗai a hanyar nan. Na rungume ƙunshin a cinya. Wata mata a bayanmu ta leƙo ta ce Allah ya raya.

Mun sami Baffa a zaurensa, jingine da bango, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya. Ya tambayi Inna, ya tambayi gero. Bai ambaci Kawu ba. Da gaisuwa ta ƙare, taubashiyata ta karɓi ƙunshin ta kwance, ta aza masa a cinya ta ce, "Baffa, Baba ya ce a kawo maka."

Ya ce, "Mi ne ne?"

Ya aza tafin hannu a kai. Yatsunsa suka sauka kan hancin suka tsaya, suka koma baya, suka sake dawowa. Suka sami fitilar dama, suka sami ta hagu. Ya bi gefe har ya faɗa cikin lotsawar da Kawu ya yi da ƙusa, sai ya ce, kamar mai magana da kansa, "Bijimin Kwatarkwashi." Ya zagaya baya ya shafa tayoyi, ya tsaya a kan mai santsin. "Wagga ta sha faci har ba wurin faci." Ya hau tsani da yatsa biyu, ya zo wurin da ya karye, ya tsallake shi ba tare da ya laluba ba, yadda ƙafarsa ta saba. Ya sami weji rataye da 'yar sarƙa, ya riƙe shi yana murzawa, yana murmushi da bakin da ba haƙori.

Sannan ya buɗe ƙofar hagu ya zura yatsa. Murmushin ya tsaya.

Ya ce, "Wa yat taɓa nan?"

Na gyara zama na ce, "Ni ne, Baffa. Marigayi ya ɗan rikice a wurin, ya kai sitiyari dama, na daidaita masa."

Ya juyo da fuskarsa inda muryata take. "Ya rikice."

"Ciwo ne, Baffa, ba laifinsa ba ne."

Ya ce, "Motarmu ta kafin a canza hannu ce, ɗana. Lokacin da munka fara, ta hagun titi ake tafiya, direba shina dama. Da anka canza, ita ba ta canza ba, haka tat tsufa. Nan da ka kafa wanga abu, wurina ne." Ya sake lalubawa. "Ina akwatina?"

Taubashiyata kallona kawai ta yi, kallon da zan ci gaba da biya har in mutu. Na ce, da 'yar muryar da ban san ina da ita ba, "Yana baya, cikin kaya."

Baffa ya ɗaga tamfol ya lalubo shi. Ya ce akwatin kayan aiki ne, a kansa ya zauna duk tsawon tafiyarsu, don benci na direba ne da fasinja mai daraja. Yana magana yana juya shi a tsakanin yatsu, sai yatsun suka tsaya. Ya danna samansa da babban yatsa. Ya sake dannawa. Ni na ga wani ɗan ƙyalle a wurin tun a Nahuce, na ɗauka datti ne. Ashe soso ne Kawu ya yanka ƙanƙane, ya lulluɓe da yadi, ya ɗinke gefensa.

Da Baffa ya sake buɗe baki, muryar ta yi ƙasa. Ya ce, "Babu shekarar da ban roƙe shi ya sa mani matashi bisa akwatin nan ba. Katako tsura, ga ramukan hanya. Sai ya ce yaron mota in ya ji laushi barci shikai." Ya sake danna soson. "Yau ya sa mani."

Taubashiyata ta sunkuyar da kai. Baffa ya miƙa hannu, ta ba shi nata. Ya ce, "Ki gaya ma innarki saƙo ya iso. Allah shina gani na yafe mashi duniya da lahira. Ni ma na daɗe da yawa a wuri ɗaya, Allah ya yafe mani." Ya ɗaga hannu muka ɗaga. Ya roƙa wa Kawu sassauci a kabari da inuwa ranar da babu inuwa, ya roƙi Allah ya sa yadda bai taɓa wuce mai kaya a hanya ba, shi ma kada rahama ta wuce shi. Muka shafa. Ni ma a nan nake roƙon duk wanda ya karanta wannan ya ƙara masa da tasa addu'ar.

Akwatin bai koma cikin mota ba a ranar. Baffa ya rufe shi a tafin hannunsa ya ƙi saki, motar kuma tana kan cinyarsa, ɗaya hannun yana kan ƙofarta. Aka kawo fura ba wanda ya taɓa. Ni kuwa shiru ba ya zama da ni lafiya, in ya yi yawa sai in ji kamar ana shaƙe ni. Na yi gyaran murya na ce, "Amma dai Baffa, in za a faɗi gaskiya, ban da wannan 'yar tangarɗa, aikin nan ni da marigayi muka yi shi. Hannuna na ciki sosai. Da wuya ma mutum ya rarrabe nawa da nasa."

Baffa ya ɗaga yatsunsa daga ƙofar motar, suna ɗan mannewa, ya goge su a rigarsa.

Ya ce, "A'a, ba wuya. Duk inda yatsana ya maƙale, na san kai ka bi ta wurin."